Taya da Gashinta

Direba aka ce za a ba ni. Haka ejan ɗin ya rantse mini a Kano, har da dafa ƙirji: babbar bas mai sanyi, farar riga, ɗaki na mutum biyu. Da na sauka a filin jirgin Hamad na Doha, wani ɗan Nepal ya kwashe mu a ƙaramar mota, muka wuce dogayen benayen nan da ake nunawa a hoto ko rage gudu bai yi ba. Sai da gari ya ƙare, gareji da tarin ƙarafa suka fara, sannan ya taka birki. Sana'iyya ke nan, unguwar masana'antu. Washegari foman ɗinmu, wani dogon ɗan Sudan, ya kama hannuna ya juya tafin, ya dubi kantar da ke ciki, ya yi dariya. Sai ya nuna mini rumfar tayoyi a ƙarshen yadi.

Ni Habibu, da na ƙare ƙuruciyata ina faci a bakin titin Funtua, na ƙetare teku don in rabu da taya, na zo na tarar tana zaune tana jirana. Gudun gara, na tadda zago. Na so in tada rigima, amma da wa? Takardar da na sa wa hannu da Larabci take, ejan kuwa tun ina cikin jirgi ya daina ɗaga waya. Na haɗiye abina na ɗauki ƙarfe.

A makon farko ina kokawa da wata taya da ta ƙi rabuwa da wilinta, ina ta ɗura wa ƙarfen ashar da Hausa tunda na san ba mai ji, sai aka ce daga bayana, "Bar zaginshi, ɗana. Ba shi da uwa a ƙasan nan."

Na waiga da sauri. Wani gajeren dattijo ne mai furfura a gemu, da kofin shayi a hannu. Ya ce sunansa Issaka, daga Zangon Kumasi, ya daɗe a rumfar nan, hutu ya je gida shi ya sa ban gan shi ba. "Ɗan Nijeriya ne ko? Tun daga zagin na gane." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ban san haka nake jin yunwar Hausa ba sai da na ji ta a bakin wani.

Baba Issaka ne ya koya mini zaman Doha. Shi ya nuna mini inda ake samun shayin karak na kirki, ya koya mini in an ce yalla in ɗaga ƙafa, in an ce khalas in kama bakina. Wasu Juma'o'in yakan ja ni Mu'aither wajen 'yan garinsu, mu ci wake da shinkafa irin nasu mai ja-ja da baƙin yaji, su yi ta tsokanata wai 'yan Nijeriya ba mu iya dafa komai ba sai surutu.

Abu na biyu da ya riƙe ni shi ne wayar Yaya Sale. Shi ya rene ni tun rasuwar mahaifinmu, da Inna ta bi bayansa kuma ya zama shi ne uwa shi ne uba. Tirela yake ja, masara daga Funtua zuwa Legas. Duk Juma'a yakan kira ni ta bidiyo, ko yana gida ko yana gefen hanya, ya ce, "Balarabe, an tashi lafiya?" Ya juya wayar in ga matarsa, in ga 'yarsa Hafsatu, in ga akuyar da ke cin bangon gidanmu. Ba ni da mata, ba ni da 'ya'ya. Wannan kiran shi ne gidana gaba ɗaya.

Ban cika wata shida ba korona ta faɗo. Aka rufe unguwarmu, aka jera bas-bas a yadi kamar shanun da aka ɗaure, ba shiga ba fita. Baba Issaka ya fara tari, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi zuwa inda ake killace mutane. Ni aka bari a rumfa, aikina in riƙa zagaya motocin da ke tsaye ina duba iskarsu.

A lokacin ne foman ya nuna mini abin da duk shekarun da na yi ina faci ban taɓa lura da shi ba. Ya durƙusa, ya goge gefen wata taya da tsumma, ya ɗora yatsa kan wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zobe mai siffar ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ranar haihuwar taya ke nan. Ya ce dokar kamfani, in taya ta cika shekara biyar a cire ta, ko da ba ta taɓa taka kwalta ba, domin rana da zama suna cin roba daga ciki.

Na ce to, amma a raina dariya na yi. Mu a gida taya ba ta da shekaru. Zane muke dubawa, mu tura yatsa mu ji zurfinsa, mu buga ta da ƙarfe mu saurari amo. In kuwa tana da gashinta, 'yan siraran robar nan da ke tsaye a jikin sabuwa, magana ta ƙare, amarya ce. Wane ne zai tambayi amarya takardar haihuwa?

Amma kaɗaici ya sa lambobin suka zame mini abokan hira. In na goge taya na karanta, sai in tsaya ina lissafin inda nake a makon. Wannan an yi ta da kakar da Yaya ya karɓi makullin tirela, muka yanka kaji. Wannan da daminar da ruwa ya ci rumfata ta faci. Wannan a azumin da aka sa wa Jamila, wadda na so aura, rana da wani, na yi ta yin kamar ban damu ba. Haka zan wuni daga bas zuwa bas, takunkumi ya jiƙe da gumi, ina karanta rayuwata a gefen taya, ba mai ce mini sannu. Wata rana na tsinci kaina ina gaida wata taya da aka yi a makon auren abokina. Nan na gane kaɗaici ya fara taɓa ni.

Allah ya tashi kafaɗun Baba Issaka, ya dawo ya rame amma bakin nan yana nan. Gari ya fara buɗewa a hankali, aka shiga shirin gasar cin kofin duniya. Sai ga umarni daga sama: duk tayar da ta cika wa'adi a cire, kuma a huda gefenta da inji don kada wani ya sake ɗaura ta. Tayoyin da suka kwashe annoba suna tsaye, zanensu ko kaɗan bai suɗe ba. Ranar da na huda ta farko ji na yi kamar na zubar da tuwo a gaban mayunwaci. Baba Issaka ya girgiza kai ya ce, "Wannan almubazzaranci, Allah zai tambaye mu."

Wata Juma'a Yaya ya kira ina yadi. Muna cikin gaisawa ya ce, "Tsaya, matsa gefe. Mene ne wancan a bayanka?"

Na matsa, ya ga tarin da ba a kai ga hudawa ba. Na kai wayar kusa, na tura yatsa cikin zanen ya gani. Ya ce a hankali, "Zubarwa za a yi?"

"Zubarwa, Yaya."

"Habibu, ka san abin da nake takawa zuwa Legas? Na gaba sun suɗe kamar tafin hannu. 'Yan Kwatanon ma yanzu sun fi ƙarfin mutum."

Tun da nake Yaya bai taɓa roƙona komai ba, ko tsinke. Ranar ma bai roƙa ba, kallo kawai ya yi. Ni na yi saurin cewa, "Bar shi a hannuna." Akwai wani ɗan Kano mai suna Ɗan'asabe da muke haɗuwa a masallaci, sana'arsa tura kaya gida a kwantena. Yana bin gareji-gareji yana kwasar tsofaffin tayoyi kafin a huda su. Na yi masa magana, ya ce ai abu mai sauƙi ne, in dai ware masu kyau in ɓoye a bayan rumfa. Na ware. Duk Juma'a sai Yaya ya tambaye ni lafiyarsu kamar surukai.

Akwai wata mota da ke ajiye a yadinmu, ta wani ɗan'uwan kafil, wato mai kamfanin. Ƙatuwa ce kamar bas, amma ciki ɗaki ne, da gado da kicin da banɗaki. Irin wadda Larabawan nan ke fita da ita sahara lokacin sanyi su yi 'yan kwanaki, sauran shekara kuwa tana tsaye rana na dukanta. Tunda ba ta kamfani ba ce, ba wanda ya taɓa duba shekarun tayoyinta. Aka ce mai ita zai sayar, a wanke ta a ƙara mata iska.

Lokacin Ghana ba ta daɗe da fitar da Nijeriya daga neman zuwa gasar ba, Baba Issaka ya hana ni sakat. Har rigar ƙwallon ƙasarsu ya saya ya rataye a rumfa, wai ranar da yaransu za su buga a Doha zai sa, ni kuma in riƙe masa ruwa. Da tsokanar muka isa wajen motar. Ya buga tayar gaba da ƙarfe, ya saurara, ya shafa gashinta da ke nan tsaye. Na goge gefen don sabo, na karanta.

Na ce, "Baba, wannan sa'ar Hafsatu ce, 'yar yayana. Ita kuwa ta yi nisa a firamare."

Ya ce, "Lambar masu sayarwa ne, ɗana, don mu riƙa saye. Dubi gashinshi. Je ka buɗe mini iska."

Na yarda da shi, don abin da ke raina ke nan. Na taka zuwa wajen injin iska na buɗe. Ban kai ga juyowa ba na ji ƙarar da har yau ban ji irinta ba. Ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa na hango Baba Issaka a kwance nesa da inda na bar shi, hularsa a wani wajen, hannunsa na dama ya juya inda hannu ba ya juyawa, jini na fita ta kunnensa. Yana kallona yana motsa baki, ina kiransa ba ya ji.

Bayan an tafi da shi asibiti na koma na ɗauki ɓallin tayar. Waje sumul, zane cike. Ciki kuwa robar ta bushe ta tsattsage kamar ƙanzo, wayoyin sun rabu da ita, ina murzawa tana zuba a hannuna. Na daɗe a tsugune a wurin. Abin da nake gani kawai shi ne gangaren hanyar Legas, da tirela cike da masara, da Yaya a bayan sitiyari. Da la'asar na fito da tayoyin da na ɓoye, na huda su ɗaya bayan ɗaya.

Baba Issaka ya rayu, amma hannun bai koma daidai ba, kunne ɗaya kuma ya tafi. Aka sallame shi zuwa gida tun gasar da saura. Ranar tafiyarsa ya miƙa mini rigar ƙwallon ya ce, da ƙarfi don ba ya jin muryarsa, "Riƙe. In ba ka iya sawa, ka goge taya da shi."

Na yi ta juya yadda zan gaya wa Yaya. Ba wata hanya mai daɗi, sai na faɗa kai tsaye. Na ba shi labarin Baba, na ba shi labarin lambobi, na ce na huda su.

Ya ce, "Ka huda."

"Na huda, Yaya. Tsofaffi ne. Kyan nan duk a waje yake."

"Da idona na ga zanensu. Tun kana wasan ƙasa nake kan titi, yau ni za ka koya wa taya?"

"Ba koya maka nake ba. Tsoro nake ji."

"Na gaya wa mutanen tasha ƙanena zai turo mini taya daga Qatar. Har mai motar na gaya wa." Sannan ya ce, "Da ka ce ba za ka iya ba, da na gane. Amma ka ce ka huda. Abin da Larabawa suka zubar a bola ma ka ga ya fi ƙarfina. Ba komai. Allah ya ƙara arziki."

Ya kashe. Juma'ar da ta biyo na yi wanka na zauna da waya a hannu har aka kira magariba. Na kira, ta yi ta ringi. Wata Juma'ar ma haka. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, har na rantse ni ma ba zan sake nema ba. Rantsuwar ko mako ba ta yi ba.

Ana haka na haɗu da Ɗan'asabe a ƙofar masallaci. Ya kama hannuna yana murmushi ya ce, "Malam Habibu, ka huta. Yayanka ya nemo lambata da kansa. Kwantena ta tashi, in ta sauka zai zo shagona a Kano ya zaɓa." Na ce ya ji tsoron Allah, ya san shekarun abin da ya loda. Ya ce shi zane yake sayarwa, ba shekaru ba, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da kaya. Na ce ai wanda ta fashe wa ba ya dawowa. Ya saki hannuna ya wuce.

Tun daga nan abinci ya daina yi mini daɗi. Tunda Yaya ba ya ɗaga waya, sai na koma tura masa saƙon murya duk Juma'a. Ba na ba da haƙuri, ba na gardama. In gaishe shi, in gaida iyali, sannan in ce, "Yaya, a gefen taya akwai ɗan zobe kamar ƙwai. Ka goge da tsumma. Biyun ƙarshe su ne shekara." Kullum maganar ke nan. Alamar waya takan nuna an saurara, amsa kuwa babu.

Gasar ta zo, duniya ta zubo Doha. Bas-bas ɗinmu ba sa tsayawa, mu ma haka. Ranar hutuna ɗaya na sa rigar Baba Issaka, duk da ta matse ni, na tafi Corniche, bakin tekun Doha. Mutane kamar ƙasa, kowa da tutarsa da fenti a kumatu. Na ga 'yan Ghana da gangunansu, a cikinsu wasu na Hausar Zango. Na bi bayansu har wajen da ake ɗaure jiragen ruwan katako, ba don komai ba sai don in ji maganar. Ɗaya ya ga rigata ya rungume ni ya ce, "Ɗan'uwa, daga wane Zango?" Na ce Funtua. Ya yi dariya ya wuce da mutanensa. Ban taɓa tsayawa cikin taro mai yawan wannan ba, ban kuma taɓa jin ni kaɗai ne kamar ranar ba.

Aka gama, baƙi suka watse, aka fara sauke tutoci. Wata Juma'a dab da magariba ina zaune a bakin ruwan nan, iska mai sanyi na kaɗawa, sai wayata ta yi ƙara. Sunan Yaya. Na ɗauka. Ban ga fuskarsa ba. Baƙar roba ce ta cika wayar, da wani yatsa mai kanta da na sani yana goge ƙura da bakin riga. A bayansa ina jin hayaniyar kasuwa da wani yana cewa, "Alhaji, dubi gashinta mana."

Yaya bai yi sallama ba. Ya ce, "Idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Karanta."

Na ce ya matso da wayar. Na karanta. Na sake karantawa don in tabbatar.

"Yaya, wannan Inna na da rai aka yi ta. Da daminar da ta shuka kuɓewa a bayan ɗaki."

Yatsan ya tsaya a kan robar. Sai na ji ya ce, "Allah ya jiƙan Inna." Na ce amin. Ya ce da yaron shagon Ɗan'asabe, "Mirgina ta can." Wayar ta girgiza, wata tayar ta bayyana. "Wannan fa?"

"Shekarar da aka haifi Hafsatu. Irinta ce ta karya Baba Issaka."

"Wannan?"

"Kakar da ka karɓi tirela."

"Ai ba a daɗe ba."

"An daɗe, Yaya. Motar ma sau nawa ka sauke injinta?"

Ya yi tsaki, amma na ji dariya a ƙarƙashinsa. Haka muka bi layin, yana gogewa ina karantawa, yaron shago na ta mita wai yau ya ga ciniki da malamin duba. Muka wuce rushewar rumfata, muka wuce auren Jamila, wanda Yaya ya ce ashe ban manta ba. Aka fara kiran salla a bayana, ban motsa ba. Can ƙarshen shago ya tsaya kan wasu guda biyu da zanensu bai kai na sauran ba, ba su da gashi ko ɗaya.

Na duba da kyau na ce, "Waɗannan ka ɗauka. Da sauransu. A watan da na taho aka yi su."

"Watan da ka tafi?"

"Shi."

Sai a lokacin ya juyo da wayar. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kai, wadda ban bar shi da ita ba. Ya daɗe yana kallona, ni ma ina kallonsa, da rigar Ghana a ƙarƙashin rigar sanyina.

Ya ce, "Ashe ka daɗe, Habibu."

Tun da na sauka a ƙasar nan, ba wanda ya taɓa lissafa mini kwanakin da na yi.